Ruwan dutsen shungait: nawa ake jiƙawa, kuma me ya sa yake tsami?

Maman_Khairat

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka da bayani. Akwai baƙin dutsen nan da ake ta tallatawa a intanet, shungait, wanda aka ce daga Rasha ake kawo shi. Ina da giram 500, ƙananan gutsattsari masu girman santimita 1 zuwa 2, baƙi ne marar sheƙi kuma yana ɓata hannu. Takardar da ke cikin ledar ba ta ce komai ba illa a wanke, a zuba cikin ruwa, a sha.

Giram nawa ake sa wa lita ɗaya, awa nawa zai yi, kuma a wane irin mazubi? Ruwan bohol muke sha, shin dutsen zai tsabtace shi yadda ba sai an tafasa ba? Yara za su iya sha? Sannan kwalbar da aka jiƙa kwana biyu, ruwan ya yi ɗan tsami da ɗanɗanon ƙarfe, gindin kwalbar kuma ya yi ja-ja. Haka yake, ko lalacewa ya yi?

Ɗan_Ma'adinai

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, wannan ruwan da ya yi tsami a zubar da shi, kada kowa ya sha. Dutsen bai lalace ba, halinsa ke nan, kuma sanin dalilin zai amsa miki rabin tambayoyinki.

Shungait dutse ne mai ɗauke da kabon, wato sinadarin gawayi, ana haƙo shi a yankin Kareliya da ke arewa maso yammacin Rasha, a gefen tafkin Onega. Daga ƙauyen Shunga ya samo sunansa, tun a 1879. Shekarunsa sun kai kimanin biliyan 2. Masana suna kasa shi gwargwadon yawan kabon da ke ciki. Aji na ɗaya yana da kashi 98 cikin 100 ko fiye, shi ne 'yan kasuwa suke kira mai daraja: yana sheƙi kamar kwaltar da ta daskare, ba shi da nauyi, yana saurin karyewa, kuma kaɗan ne ƙwarai a cikin ƙasa. Aji na biyu yana tsakanin kashi 35 da 80. Aji na uku, kashi 20 zuwa 35, shi ne ya cika kasuwa, kuma yadda kika siffanta naki, shi ne a hannunki. Galibinsa daga mahaƙar Zazhogino yake fitowa, inda babban mai sayensa masana'antun narka ƙarfe ne.

To, idan kabon kusan kashi 30 ne, sauran fa? Fiye da rabin dutsen silika ne, sinadarin yashi, wanda ba ruwansa da kowa. Sai ɗan alminiyom, ɗan ƙarfe, da farar wuta. A nan matsalar take. Ƙarfen da farar wutar suna haɗe ne a matsayin ma'adinin fairait. Ki ɗauki gutsure ki duba a hasken rana, sau da yawa za ki ga ɗigo-ɗigo ko siririyar jijiya mai ruwan zinare, wani wurin kuma tabon tsatsa. Idan fairait ya haɗu da ruwa da iska, yana rikiɗewa ya ba da tsatsa da asid na farar wuta, irin wanda ke cikin ruwan batir, sai dai a tsarme sosai. Tsatsar ita ce jan da kika gani a gindin kwalba, asid ɗin shi ne tsamin. Kuma asid ɗin ba ya tsayawa nan, yana narkar da sauran ƙarafan da ke maƙale a dutsen su shiga ruwan.

Saboda haka idan mai talla ya ce dutsen yana ƙara wa ruwa ma'adinai, gaskiya ne yana ƙarawa, amma a tambaye shi waɗanne. Kabon ba ya narkewa a ruwa. Kalsiyom da magniziyom da jiki ke so kaɗan ne a cikinsa, mai yiwuwa ma ruwan bohol ɗinku ya riga ya fi shi.

Malam_Sinadari

Bayanin Malam Ɗan_Ma'adinai daidai ne. Zan ɗora da abin da aka auna, sannan in faɗi yadda ake yi idan mutum ya ce lallai sai ya yi.

A 2021 masu bincike a jami'ar fasaha ta Riga da ke Latbiya sun jiƙa shungait iri biyu a ruwan sha, ɗaya na kasuwa, suna auna ruwan a kai a kai. Sun tarar yana sakin ƙarafa irin su nikel, tagulla, dalma, kadmiyom, zink, kuromiyom da asenik. Dalma da kadmiyom sun wuce iyakar da aka yarda da ita a ruwan sha na 'yan kwanaki, nikel kuwa ya ci gaba da wuce iyaka har kusan mako biyu. A binciken dai sun ga dutsen yana tsotse tagulla da aka zuba a ruwa da gangan. Wato yana karɓa, yana kuma bayarwa, kuma a farkon amfani bayarwar ce abin tsoro. Don haka idan wankin da takardar ta faɗa ɗauraya ce ta minti biyu a bakin famfo, ba ta isa ba ko kusa.

A fara da tsince. Duk gutsuren da ke da jijiyar fairait a fili ko tabon tsatsa mai yawa a fitar da shi gefe. A tankaɗe garin da ke ƙasan ledar a zubar, domin gari ya fi sakin ƙarafa saboda faɗin fuskarsa. Saboda wannan dalilin kada a daka dutsen ko a farfasa shi, kowace sabuwar fasa sabon fairait ne aka buɗe wa iska.

Sai wanki. A zuba a rariyar roba, a goge da sabon buroshi a ƙarƙashin ruwa mai gudu har ruwan ya daina fita baƙi. Banda sabulu da omo, domin dutsen yana riƙe su ya dawo da su cikin ruwan sha. Daga nan a jiƙa shi a bokitin roba mai tsabta da ruwa mai yawa, giram 500 ɗin nan a ba shi aƙalla lita 10. Kullum a tsiyaye, a ɗauraye, a zuba sabo. A yi haka kwana 14 a jere, shi ne mafi ƙaranci. Ruwan wankin ba na sha ba ne, ba na dabbobi ba, kuma kada a zuba wa shukar da ake ci.

A sayi takardar gwajin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, ana samu a shagunan kayan ɗakin gwaji da wajen masu kiwon kifi. A gwada ruwan kafin a zuba dutse, a sake gwadawa bayan awa 24. Ruwan sha ana so ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Idan ruwanki 7 ne ya sauka zuwa 5 ko 4, dutsen bai gama zubar da asid ba, a ci gaba da wanki. Idan an yi wata guda yana nan yana sauka, wannan kason fairait ya yi masa yawa, a haƙura da shi a yi ado da shi a kan tebur.

Ma'aunin da masu sayarwa suka fi bayarwa shi ne giram 100 a lita ɗaya na baƙin aji na uku, a bar shi kwana 1 zuwa 3. Babu wata hukumar lafiya da ta tsayar da wannan, al'adar kasuwa ce kawai. Shawarata kada a wuce giram 100 ɗin, kuma kada a wuce awa 24. Ƙarin lokaci ƙarin ƙarafa ne a cikin ruwan. Kwalbar lita 3 tana buƙatar giram 300 ke nan, ba sai kin zuba duka 500 ba.

Mazubi ya zama gilashi mai faɗin baki da murfi, don a ga abin da ke kwantawa kuma hannu ya shiga wajen wanki. A guji tukunyar alminiyom, musamman irin wadda ake ƙerawa daga tsofaffin ƙarafa, domin ruwa mai tsami yana cin ta, ita ma tana iya sakin dalma. Randa da tulu suna tsotse ruwa a jikinsu kuma ba a ganin gindinsu, ba su dace ba. Idan lokaci ya cika a tsiyaye a hankali ta farin ƙyalle mai tsabta zuwa wata kwalbar, a bar kusan santimita 3 na ƙasa a zubar. Kada a matsa lemon tsami, ko a jiƙa tsamiya ko zoɓo a kwalbar da dutsen ke ciki, duk wani abu mai tsami yana ƙara jawo ƙarafan.

Wani abin lura: ruwan da ake zubawa ma yana da tasiri. Ruwan bohol mai nauyi, wanda ke barin farin ɓawo a buta, yana da sinadarin da ke kashe kaifin asid. Ruwan sama da ruwan leda da aka tace sosai ba su da wannan kariyar, pH ɗinsu ya fi saurin faɗuwa. Tunda naki na bohol ne amma har ya yi tsamin da harshe ya ji, dutsen yana da fairait sosai, ko kuma ruwan naku marar nauyi ne.

Hajiya_Nas

Maman Khairat, 'yar'uwa, ni ɓangaren yara da tafasawa zan ɗauka, kuma zan faɗa kai tsaye: kada ki ba yara, kada mai ciki ko mai shayarwa ta sha, kada a haɗa madarar jariri da shi, kada mai ciwon ƙoda ya kusance shi.

Dalma ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari, ba ta sauya launin ruwa. Jikin yaro yana tsotsar ta fiye da na babba nesa ba kusa ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jinin yaro da aka san ba shi da illa. Mu a arewa mun ga abin da ta yi a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu ta dalilin ƙurar dutsen zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Adadin da shungait ke saki bai kama ƙafar wancan ba, ban ce ɗaya suke ba. Amma dutse ne da aka shigo da shi gida ba a san abin da ke cikinsa ba, kuma yaro ba shi da wata buƙata da wannan ruwan zai biya masa. Kadmiyom shi kuma a ƙoda yake taruwa, yana shekaru bai fita ba. Masu ƙaiƙayi da ƙuraje idan sun sa ɗankunne ko agogon ƙarfe mai araha, nikel ne jikinsu ba ya so, kuma shan sa a ruwa yana iya tayar musu da ƙurajen.

Batun ko zai maye gurbin tafasawa, a'a. An ga shungait yana rage wasu ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji, amma 'yan duwatsu a gindin kwalba, ruwa yana tsaye a kansu, ba abin dogaro ba ne a kan kwalara, taifot ko atini. Ruwan da za a zuba wa dutsen dole ya riga ya zama mai tsabta. Idan da dauɗa a kwantar da ita da alif ko garin ƙwayar zogale a tace, sannan a tafasa ya yi minti ɗaya cur yana ɓararraka, a bar shi ya huce a rufe. A kuma sani cewa tafasa ruwan bayan an jiƙa dutsen ba ya fitar da ƙarfe ko kaɗan, ruwa ne ke tafiya a tururi ya bar ƙarafan.

Akwai wata matsalar da zafin ƙasarmu ke kawowa. Kabon yana cinye kulorin ɗin da ke kare ruwa, to ruwa marar kulorin da ya kwana uku a ɗaki lokacin bazara wurin hayayyafar ƙwayoyin cuta ne. Idan kin taɓa dutsen kin ji santsi ko yauƙi, su ne suka yi gida a kansa. Ruwan da aka tsiyaye a sa a firji a shanye cikin kwana ɗaya.

Malam Sinadari, ka yi haƙuri, ni a ganina bayan duk wannan wahalar ta mako biyu abin da mutum zai samu shi ne ruwan da da ma yake da shi, in an yi sa'a. Babu gwajin da aka yi a kan mutane da ya nuna ruwan nan yana maganin hawan jini, ciwon suga, gyambon ciki ko wani ciwo. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya ajiye saboda shi.

Maman_Khairat

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. An zubar da ruwan, yara kuma ba za su sha ba. Saura biyu: idan aka sayi mai sheƙin nan mai tsada, an tsira daga matsalar ƙarafan? Kuma yaya ake gane na gaske daga jabu? Masu tallar suna yawan ambaton wani sinadari fularin da wani sarkin Rasha da ya warke da ruwan.

Mai_Gyaran_Rediyo

Hajiya, gwajin jabu mai sauƙi ne domin shungait yana ɗaukar wutar lantarki, abin da yawancin baƙaƙen duwatsu ba sa yi. A samu mitar da masu gyaran lantarki ke amfani da ita, a murɗa ta zuwa awon turjiya ko wurin da take ƙara idan waya ba ta tsinke ba. Dutsen ya zama busasshe, a dafa masa tsinken mitar biyu da tazarar kusan santimita 1, kada yatsu su taɓa bakin tsinken. Na gaske zai nuna ƙaramin adadi, sau da yawa har mitar ta yi ƙara. Baƙin gilashi, dutsen da aka rina da roba ba za su motsa ta ba. A gwada wurare uku ko huɗu a kan gutsure ɗaya, domin idan tsinke ya faɗa kan jijiyar silika ba zai nuna komai ba ko da dutsen na gaske ne. A kuma gwada gutsattsari da yawa, ana gauraya mai kyau da tsakuwa. In babu mita, batir biyu na tocila, ƙaramin ƙwan fitila da waya sun isa: a sa dutsen a tsakiyar layin, in ƙwan ya kawo haske yana ɗaukar wuta.

Sai dai gwajin yana da iyaka. Girafait, abin da ke cikin fensir, shi ma yana ɗaukar wuta, haka gawayin kwal da aka gasa na masana'anta. Girafait yana da laushi da santsi, farce yana kankare shi, shungait kuwa farce ba ya kama shi. Kuma mita ba ta faɗin komai game da dalma ko nikel.

Ɗan_Ma'adinai

Mai sheƙin ya fi tsabta ta fuskar kabon, amma ba a tsira ba. A cikin tsagogin dutse yake samuwa, kuma sau da yawa za a ga jan ƙasa-ƙasa ko ruwan ɗorawa a fuskarsa da cikin fasarsa, wanda ragowar fairait ne da ya riga ya ci iska. Nikel da banadiyom ma suna tare da kabon ɗin kansa, domin asalinsa abu ne mai kama da ɗanyen mai da ya daskare tun da can. Wanki da gwaji iri ɗaya yake buƙata. Masu sayarwa sukan ce giram 50 zuwa 70 a lita. A kula da ɓarɓashinsa, yana da kaifi, dole a tace.

Fularin ƙwayar kabon ce mai zarra 60 a dunƙule. An gano ta a ɗakin gwaji a 1985, waɗanda suka gano ta suka sami kyautar Nobel a 1996, kuma a 1992 masu bincike a Amurka suka ba da rahoton ganin ta a cikin shungait. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba a faɗa a talla shi ne adadinta a dutsen ɗan mitsitsi ne, kuma kusan ba ta narkewa a ruwa sam. Gwajin 2012 da ake yawan kafa hujja da shi a kan ɓeraye aka yi, da fularin na masana'anta da aka narkar a man zaitun. Ba shi da alaƙa da dutse a kwalbar ruwa.

Sarkin kuwa Peter na Ɗaya ne. A 1719 ya kafa wurin jinya a wata maɓuɓɓuga kusa da birnin Petrozavodsk, wanda har yau yana aiki. Ruwan yana ratsa duwatsun yankin a ƙarƙashin ƙasa, kuma an san shi ne da yawan ƙarfe, shi ya sa aka raɗa masa suna daga Mars, abin bautar yaƙi da ƙarfe na Rumawa. Peter ya je can sau da dama, ya kuma rasu a 1725 yana da shekara 52 bayan fama da ciwon mafitsara.

Ƙarin gyara ɗaya kan kula da dutsen: ana yawan cewa a riƙa shanya shi a rana don ya dawo da ƙarfinsa. Jiƙawa da busarwa a kai a kai shi ne ainihin abin da ke hanzarta ruɓewar fairait. Duk lokacin da dutsen ya bushe ya jima, a ɗauke shi kamar sabo, a sake jiƙa shi ana zubarwa na 'yan kwanaki, a gwada pH kafin a koma sha.

Malam_Sinadari

Hajiya Nas, ban musa miki ba. Idan ɗanɗano da warin ruwa ake son gyarawa, gawayin tace ruwa na masana'anta ya fi shi nesa: giram ɗaya nasa yana da fuskar tsotsa ta murabba'in mita 500 zuwa 1,500, shungait kuwa 'yan gomomi ne kawai. Na ba da hanyar ne don dutsen ya riga ya shiga gidaje.

Abu na ƙarshe da ya kamata Maman Khairat ta sani: pH mai kyau ba shaidar cewa babu ƙarafa ba ce. Ƙaramar mitar TDS da masu ruwan leda ke tsomawa, mai auna jimillar abin da ya narke a ruwa, ita ma ba ta ganin su. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ga dalma maikrogiram 10 ce a lita, asenik 10, kadmiyom 3, nikel 70, Tarayyar Turai ma 20 ta sa wa nikel. Maikrogiram 10 a lita daidai yake da giram ɗaya a jarka 4,000 masu lita 25. Mitar TDS daga miligiram ɗaya take fara ƙirga, wato ninki 100 na iyakar dalmar.

Hanyar tabbatarwa ɗaya ce, ɗakin gwaji, a sashen kimiyyar sinadarai na jami'a ko na hukumar ruwa ta jiha. A kai samfuri biyu a sababbin robobi da aka ɗauraye da ruwan da za a zuba: ɗaya ruwan bohol ɗin zalla, ɗaya wanda ya kwana awa 24 da dutsen bayan an gama wankin kwana 14. A rubuta wa kowanne suna da kwanan wata, a kai a ranar. Ba tare da na farkon ba, ba za a san ko daga dutsen ƙarfen ya fito ko daga bohol ɗin ba. A nemi a auna dalma, kadmiyom, nikel da asenik, kuma a tambaye su mafi ƙarancin adadin da na'urarsu ke iya gani. Na'urar awon ƙarafa ta AAS mai harshen wuta da ta fi yawa a ɗakunan gwajinmu sau da yawa ba ta ganin dalma a matakin maikrogiram 10, sai ta rubuta ba a samu ba alhali akwai. Wadda ake buƙata ita ce AAS mai murhun girafait ko wata na'urar mai suna ICP-MS. Sakamakon kuma na wannan kason dutsen ne kaɗai, in an sayi sabuwar leda sai an sake wanki da gwaji daga farko.